Malama ta ce a kawo jan kwali ranar masoya, mahaifin yarinya ya ce bai yarda ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin garin Gombe, ina da 'ya'ya uku, babbarsu mace ce mai shekara bakwai, tana aji biyu a wata makarantar firamare ta kuɗi. A makon jiya ta dawo gida da 'yar takarda daga malamarsu, cewa kowane yaro ya zo da jan kwali da gam da ƙaramin almakashi ranar 14 ga Fabrairu, domin za su yanka siffar zuciya su yi kati su kai wa iyayensu. Yarinyar ta cika da murna, har ta fara gwaji da takardun tsohon littafinta. Da mahaifinta ya karanta takardar sai ransa ya ɓaci, ya ce bikin ranar masoya ne ake son cusa wa yara, ba addininmu ba ne, ba kuma al'adarmu ba ce, don haka ba zai sayi komai ba, kuma bai yarda ta sa hannu a aikin ba. Surukata ta goyi bayansa, har tana cewa a cire ta daga makarantar. Tun ranar yarinyar take kuka, jiya ma ta tambaye ni wai laifi ne ta so Abbanta. Ni kaina ban taɓa yin wannan biki ba, ba na kuma sha'awarsa, amma ban ga aibun yaro ya yanka takarda ya ba iyayensa ba. Malamar Kirista ce, mutuniyar kirki, a hannunta 'yata ta iya karatu, kuma ba na so ta ɗauka ƙyamarta muke yi. Na yi tunanin in sayi kayan a ɓoye in sa mata a jaka, in ja mata kunne kada ta gaya wa Abbanta. Me kike ganin ya kamata in yi?

Wata uwa daga Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da abin da kika rufe wasiƙarki da shi, domin shi ne ya fi tsaya mini a rai. Don Allah kada ki sayi kayan nan a ɓoye. Na san tausayin yarinyar ne ya kawo miki wannan tunani, amma ki duba darasin da za ta ɗauka daga gare shi: cewa akwai abin da ya shafi so wanda ake yi a bayan idon uba, kuma uwa ce ta fara nuna mata hanyar. Yau jan kwali ne, amma nan da shekara bakwai ko takwas, lokacin da za ki fi kowa buƙatar ta riƙa gaya muku abin da ke jakarta da abin da ke wayarta, za ki so a ce ba ki taɓa ce mata "kada Abba ya ji" ba. Ban da haka, yarinya mai shekara bakwai ba ta riƙe sirri irin wannan, kuma katin ma ai don shi take son yin sa. Ranar da maganar ta fito, ba za a ƙara zancen makaranta ba, zancen zai koma kan amanar da ke tsakaninki da maigidanki, kuma gyaran wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Ki kuma yi wa maigidanki adalci, domin ƙin da ya yi yana da tushe. Ranar 14 ga Fabrairu ta samo sunanta ne daga wani malamin addinin Kirista mai suna Balantain, wanda aka kashe a birnin Rum a ƙarni na uku, kuma coci ce ta keɓe ranar don tunawa da shi. Haɗa ta da soyayyar saurayi da budurwa ya zo ne daga baya, a Turai, wajen ƙarni na 14, sannan 'yan kasuwa masu buga kati da sayar da furanni da alewa suka yayata ta a duniya. A 1969 cocin Katolika ta cire ranar daga babbar kalandarta, don haka abin da ya rage a yau ya fi kusa da kasuwanci da holewa fiye da ibada. Malaman Musulunci da yawa a ƙasar nan suna hana yin bikin, suna kafa hujja da hadisin da ya nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna da ranakun wasa guda biyu, ya shaida musu cewa Allah ya musanya musu su da waɗanda suka fi su alheri, wato ƙaramar Sallah da babbar Sallah. Ba a nan kaɗai ake wannan taƙaddama ba, domin a 2017 wata babbar kotu a Islamabad ta Pakistan ta hana yin bikin a bainar jama'a. Kuma ko an ajiye tarihi a gefe, maigidanki yana fita gari, yana ganin abin da samari da 'yan mata ke yi da wannan rana. Uban da ya ga sunan ranar a takardar 'yarsa mai shekara bakwai ya ji gabansa ya faɗi, ba mugunta ce ta motsa shi ba, kishin tarbiyyarta ne.

Ita ma malamar, ina kyautata mata zato kamar yadda kike yi. A makarantun Amurka an saba ƙananan yara su yanka zuciya da takarda a wannan rana, su ba iyayensu da dukan 'yan ajinsu ba tare da ware kowa ba, kuma duk malamin da ya shiga intanet a watan Fabrairu yana neman aikin hannun da zai ba yara, irin waɗannan hotuna ne za su fara cika masa ido. Aikin hannu yana cikin manhajar firamare, malama kuma kullum tana neman abin da ba shi da tsada, wanda yaro zai iya gamawa a darasi guda. Alamu sun nuna abin da ya faru ke nan, tunda takardar ta ce iyaye za a kai wa katin. Kuskurenta shi ne rashin tsayawa ta auna yadda iyaye Musulmi za su karɓi sunan ranar, a gari irin Gombe inda 'ya'yan Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolawa ke zama a benci ɗaya, kowa da abin da aka koya masa a gida. Wannan kuskure ne da magana ke gyarawa. Shawarar surukarki ta cire yarinyar daga makaranta kuwa ta yi nauyi, domin samun malamar da yaro ya iya karatu a hannunta ba ƙaramin arziki ba ne, ba a yar da shi saboda takarda guda.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, abu biyu ne suka cakuɗe a gidanki, kuma raba su shi ne maganin matsalar. Akwai ranar, akwai kuma aikin. Ranar ita ce maigidanki ya ƙi, yana da ikon ƙinta, ke ma kin ce ba ta dame ki ba, don haka a nan babu saɓani tsakaninku. Aikin kuwa, wato yaro ya naɗe takarda ya yanka, ya rubuta wa mahaifinsa kalma mai daɗi, ba mallakar wata rana ba ne. Addininmu ma ya kwaɗaitar da mu bayyana ƙauna: ya zo a hadisi cewa idan mutum yana son ɗan'uwansa to ya sanar da shi, ya kuma zo cewa a riƙa yi wa juna kyauta domin tana jawo soyayya. Kin kuma san labarin Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Manzon Allah ya sumbaci jikansa Hassan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Mu Hausawa da Fulani kunya da kara sun sa muna ɓoye irin wannan, musamman tsakanin uba da ɗan fari, kuma ni ban raina wannan ɗabi'a ba, tana da nata kyau. Sai dai tambayar da 'yarki ta yi miki, ko laifi ne ta so Abbanta, tambaya ce da bai kamata ta kwana biyu babu amsa ba.

Ki nemi maigidanki a lokacin da ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba, ba kuma a gaban mahaifiyarsa ba. Ki fara da inda kuka yi tarayya, ki ce masa kin yarda yarinyar ba za ta yi bikin ranar masoya ba, kuma ba ki zo don ki sauya masa ra'ayi a kan wannan ba. Sannan ki maimaita masa tambayar yarinyar kamar yadda ta fito daga bakinta, kada ki ƙara gishiri, kada ki rage. Ina kyautata zaton bai san cewa a fahimtarta shi ta so yi wa kyauta ya ƙi karɓa ba. Daga nan ki nemi izininsa kan abu biyu: ki je makaranta ki yi wa malamar bayani cikin mutunci, ko ku je tare idan yana da sarari, sannan ku yi aikin a gida a wata rana dabam wadda ba ta da alaƙa da 14 ga wata. Idan ya yi shiru bai amsa nan take ba, kada ki matsa, ki bar maganar ta kwana.

Game da makaranta, ki je da ƙafarki. Kada ki rubuta ƙorafi a zauren WhatsApp na iyayen yara, domin a can magana ba ta daɗewa take rikiɗewa ta koma ta addini da ƙabila, a ƙarshe a kunyata malamar a gaban mutane kan abin da ba ta yi da mugun nufi ba. Ki fara da godiya kan ƙoƙarinta da 'yarki, sannan ki gaya mata a fili cewa a gidanku ba ku yin wannan biki, amma ba ku da matsala da aikin hannun kansa. Ki tambaye ta ko za ta iya matsar da darasin zuwa wani mako, ta kira shi katin godiya ga iyaye, ta kuma bar kowane yaro ya zaɓi siffar da yake so. Da wuya a ce ke kaɗai ce takardar ta dama, kuma mai yiwuwa malamar ta ji daɗin cewa an zo mata kai tsaye kafin maganar ta kai ofishin shugaban makaranta. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Idan tsarin na makaranta ne baki ɗaya, ba ta da ikon sauya shi, sai ki roƙa a ba 'yarki wani aikin hannu a wannan darasi, kamar fure ko gida, ba tare da an nuna ta da yatsa a cikin aji ba. Na fi son wannan a kan zaunar da ita a gida, domin yaron da aka tsare a gida ranar da abokansa ke wasa da kwali yakan ɗauka horo aka yi masa. Amma idan mahaifinta ya dage cewa ta zauna, to ku yi masa biyayya, ki kuma cika mata wunin da abin da zai ɗebe mata kewa.

Ita yarinyar, bayani gajere ya ishe ta. Ki ce mata son Abba abu ne da Allah yake so, kuma Abba bai yi fushi da ita ba, sai dai kowane gida yana da bukukuwansa, namu su ne Sallah ƙarama da Sallah babba, wannan ranar kuwa ba tamu ba ce, don haka za mu yi namu katin a ranar da muka zaɓa. Ki kiyaye harshenki a kan malamar da yaran da za su yi aikin, kada ta ji kin kira su da mummunan suna, domin gobe a gefensu za ta zauna, kuma duk abin da ta ji a gida sai ta maimaita shi.

Aikin kansa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ki samo takarda mai ɗan kauri, ko bangon tsohon littafin rubutu, ko kwalin shayi da aka buɗe, ki sa ta naɗe shi gida biyu daidai, ta danne naɗin da farce. Daga bakin naɗin sai ta zana layi da fensir, ya tashi sama ya lanƙwaso kamar kunnen mutum, sannan ya gangaro a karkace ya koma bakin naɗin daga ƙasa. Ta bi layin da almakashi, amma kada ta yanke naɗin, domin shi ne ƙashin bayan aikin. Idan ta buɗe, ki kalli fuskarta: rabi ta zana, amma cikakkiyar zuciya ta fito, ɓangaren dama daidai da na hagu. Na farko da na biyu za su fito a karkace, wani siriri kamar ganyen dogonyaro, wani ƙato kamar faifai, kuma a nan ne iyaye mata da yawa ke karɓe almakashi su ce bari in yi miki. Kada ki karɓa. Riƙon almakashin nan da bin layi su ne ke ƙarfafa yatsun da take rubutu da su, kuma karkataccen katin da ta yi da hannunta ya fi daraja a wurin mahaifinta fiye da miƙaƙƙen da kika yi mata. Ki dai tabbata almakashin mai dakusasshen baki ne, reza kuwa kada ta kusanci wurin.

Idan babu jan kwali, zoɓo yana nan. Ki jiƙa ɗan kaɗan a ruwan zafi kaɗan har ya yi duhu sosai, ya huce, ta shafa a farar takarda da auduga ko tsinken da aka naɗa wa ƙyalle. Zoɓo yakan juya zuwa ruwan hoda ko shunayya idan ya bushe a takarda, amma idan kika ɗiga masa lemon tsami jan zai ƙara fitowa, idan kuma kika sa ɗan ruwan kanwa a wani kofi dabam za ki ga ya koma shuɗi-shuɗi har zuwa kore. Yara suna mamakin wannan ƙwarai, kuma launi uku ke nan daga abu guda. Gam ma ana yin sa a gida: cokali biyu na fulawa a rabin kofin ruwa, a dama har gudaji su baje, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, a bari ya huce. Ƙaro da aka jiƙa ya kwana shi ma yana manne takarda da kyau, ai da shi ake haɗa tawadar allo. A wannan lokaci na ƙarshen hunturu komai yana bushewa da wuri, sai dai ku yi aikin a cikin ɗaki don kada ƙura ta manne a jikin gam.

Daga nan hanyoyi suna da yawa. Duk telan unguwa yana da buhun guntayen atamfa da shadda da leshi waɗanda zubarwa zai yi, idan kika aika aka roƙo, yarinyar za ta iya yayyanka su ƙanana ta manna a kan zuciyar kwali har ta rufe, ta fito da ado kamar zanen gado na haɗe-haɗe. Za ta iya yanka ƙananan zukata goma ko sha biyu, ke ki huda su da allura, ita ta zura zare, a rataya a bakin taga. Ƙannenta ma kada a bar su a baya. Wanda bai isa riƙe almakashi ba, ki tsoma babban yatsansa a ruwan zoɓo mai kauri, ki danna a takarda a karkace zuwa dama, ki sake dannawa a karkace zuwa hagu yadda gindin tambarin biyu zai haɗu, sai ga ƙaramar zuciya ta fito da zanen yatsansa a ciki. Ana kuma raba dankalin turawa biyu, babba ya sassaƙa siffar a fuskarsa da wuƙa, yaro ya riƙa tsomawa a launi yana bugawa kamar hatimi. Wasu suna yin ado da wake ko masara ko duwatsun ado, amma idan akwai ɗan ƙasa da shekara uku a wurin, ki bar wannan, domin irin waɗannan ƙwayoyi a hanci ko kunne suke ƙarewa.

A cikin katin, bari ta rubuta abin da ke ranta da rubutunta, ko da "Allah ya saka da alheri Abba" ne kawai. Idan tana son addu'ar nan ta neman rahama ga iyaye da ke cikin Suratul Isra'i, wadda na tabbata an koya musu a Islamiyya, gara ta rubuta ma'anarta da Hausa, domin katin yara yakan faɗi ƙasa ko ya shiga shara, kuma ba a wasa da takardar da ke ɗauke da aya.

Mai yiwuwa maigidanki ya ce shi siffar zuciyar ce ma ba ya son gani, saboda ta riga ta haɗu da ranar a tunaninsa. Idan haka ta faru, kada ki tsaya jayayya a kan siffa. Naɗin nan guda da ya fitar da zuciya shi ne zai fitar da ganye, da fure, da malam-buɗe-littafi, da hasumiyar masallaci, kuma yarinya za ta iya ɗora tafin hannunta a takarda ta zagaye shi da fensir ta yi rubutu a ciki. Idan hannunta ya faɗa, ki zana mata dagin Arewa ta cika shi da launi.

Surukarki kuwa, maimakon ki yi ta kare makarantar a gabanta, ki jawo ta cikin aikin. Mutanen zamaninsu sun tashi suna yin mota da tabarau da karan dawa, suna ɗinkin faifai, suna gina 'yar tukunya da yumɓu, kuma da wuya kaka ta ƙi idan jikarta ta zo ta ce, "Hajiya, koya mini." Ki sa yarinyar ta yi mata nata katin ita ma. A ƙarshen zangon karatu kuma ta yi wa malamarta na godiya ta kai mata, domin wannan zai share duk wani zato na ƙyama fiye da dogon bayani.

Na mahaifinta dai shi za ta fara yi. Ki zaɓi wata Juma'a ko Asabar bayan 14 ga wata ta wuce, ku shimfiɗa tabarma da yamma ku yi aikin, idan ya dawo daga masallaci bayan Magariba ta kai masa da hannunta, ke kuma ki koma kicin ki ba su wuri.